Me ya sa "ego" ta fi "girman kai" daɗin faɗa?

A Zariya ta yau, musamman daga Samaru zuwa Kongo inda Hausa da Turanci ke cakuɗe a baki ɗaya, da wuya a yi zancen saɓanin mutum biyu a tashi ba a ji kalmar "ego" ba. Miji da mata sun daina magana, ƙawarta ta ce ai ego ne. Abokan kasuwanci sun raba jari, ego. 'Yan siyasa biyu na jam'iyya guda sun kasa shan inuwa ɗaya, mai sharhi ya ce matsalarsu ego. Kalmar gajera ce, ba ta wahalar da harshe, ga ta da ƙamshin boko. Amma akwai abin da ba a cika lura da shi ba. Saurayi yana iya buɗe baki a cikin abokansa ya ce "ni fa ina da ego", har da murmushi, su ma su yi dariya. Bahaushe mai hankali ba zai ce "ni fa ina da girman kai" yana murmushi ba. Da ma'anarsu ɗaya ce, da nauyinsu a baki ma ɗaya ne. Tunda ba haka ba ne, akwai abin da kalmar Turancin ke ɗauke da shi, ko take sauke wa mai faɗinta, wanda ya kamata a bincika.

Asalinta ma ba Turanci ba ce. Latin ce, harshen Rumawan da, kuma ma'anarta "ni", shi ke nan. Sai dai akwai wani abu a nahawun Latin da Bahaushe zai gane nan take: aikatau yana ɗauke da mai aikin a jikinsa, don haka ba lallai ne a ambaci "ni" ba, in kuwa aka ambata to jaddadawa ake yi. Haka muke yi mu ma. "Na gina masallacin" labari ne kawai. "Ni na gina masallacin" kuwa, duk wanda ya ji ya san akwai wanda ake so a ture gefe. Wannan "ni" da aka ƙaro ba don jimla ta buƙace shi ba, daga gare shi duk tafiyar kalmar ta faro. A Sabon Gari dai a yi hattara, in ɗan kasuwa Ibo ya ce maka "ego" kuɗi yake nufi a harshensa, ba ruwansa da Rumawa.

Tun farkon ƙarni na 18 mutanen Ingila suka ƙera kalmar zargi daga gare ta. A 1714 marubuci Joseph Addison ya yi amfani da "egotism" a jaridar The Spectator ta Landan, yana nufin ɗabi'ar marubucin da ba ya iya jera magana bai cusa "ni" a ciki ba. Wato laifin farko da aka rataya wa kalmar na baki ne, irin wanda muke cewa yabon kai jahilci. Can kuma masu falsafa suna da 'yar'uwarta, "egoism", wadda ba ta da harafin "t" a tsakiya, ita kuma ta zauna a kan ra'ayin cewa amfanin kai ne ke motsa mutum, ko shi ya kamata ya motsa shi. Har gobe masu Turancin da kansu suna rikita su. Mu ba mu da abin rikicewa, don ba mu taɓa ɗaure su da igiya ɗaya ba: wancan mai yabon kai ne, wannan mai son kai. Mai son kai yana iya zama shiru-shiru, ya gaishe ka har ƙasa, ya cinye rabonka. Mai yabon kai yana iya zama mai kyauta, ya biya wa ɗanka kuɗin makaranta, amma sai duk unguwa ta ji.

Babban juyin ya zo ne ta hannun likitan nan na ƙasar Ostiriya, Sigmund Freud. A 1923 ya fitar da wani ɗan littafi da ya kasa zuciyar ɗan Adam gida uku. Da Jamusanci ya rubuta, kuma bai sa wa gidajen nan sunayen Latin ba. Kalmomin da kowane yaro Bajamushe ke faɗa ya ɗauka: "Ich", wato ni, "Es", wato abin nan da ba shi da suna, da "Über-Ich", wanda ke saman ni. Masu fassara shi zuwa Turanci ne suka ga zai fi kama da ilimin likitanci in an koma Latin, sai suka ce "ego", "id" da "superego", kuma babban bugun ayyukansa mai juzu'i 24 da James Strachey ya jagoranta daga 1953 zuwa 1974 ya tabbatar da waɗannan sunaye a duniyar masu karatu da Turanci. Duk wanda ya yi karatun koyarwa a Zariya, a jami'a ko a kwalejin horar da malamai, ya haddace su don jarrabawa.

To a wurin Freud, ego ba aibu ba ne ko kaɗan. "Id" sha'awa ce tsagwaronta, yunwa da fushi da jaraba, ba ta san jira ba. "Superego" muryar iyaye da malamai da al'umma ce da ta shige ciki ta zauna, mai cewa "kai, ba a yin haka". Ego shi ne mai lissafi a tsakani, wanda ke duba abin da rai ke so, ya duba abin da ya halatta, ya duba abin da zai yiwu a duniyar zahiri, sannan ya yanke. Freud da kansa ya kwatanta shi da mahayi a kan doki, misalin da ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Zazzau ranar hawan salla ya ga yadda ake fama da ingarma: ƙarfi na doki ne, linzami na mahayi, kuma sau da yawa in mahayin ba ya son faɗuwa, dole ya bi inda dokin ya nufa yana nuna kamar shi ya zaɓi hanyar. Saboda haka idan masanin halayyar ɗan Adam ya ce wane yana da ƙarfin ego, yabo ne. Yana nufin mai juriya, wanda suka ba ta wargaza shi, wanda ke iya jin "ka yi kuskure" ya kwana lafiya. Kusan kishiyar abin da ake nufi a majalisar mai shayi ke nan. Haka ma "egocentric" da Jean Piaget, masanin nan na ƙasar Suwizalan, ya yi amfani da ita a shekarun 1920 kan ƙananan yara: bai ce yaro mai girman kai ne ba, cewa ya yi hankalinsa bai kai ya hango abu ta inda wani ke tsaye ba tukuna.

Ma'anar da ta zo mana ta fina-finai da intanet ta titi ce, ba ta aji ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ana amfani da "ego" a Turanci da nufin jin kai, kuma a ƙarshen shekarun 1960 Amurkawa suka yayata "ego trip", wato abin da mutum ya yi don kawai ya ji shi wani ne. Sai dai ma'anar titin ta gaji wani abu daga Freud ko da ba ta san shi ba, kuma a nan gizo ke saƙar. Ta gaji tunanin cewa ego abu ne da kowa ke da shi. Turanci yana magana a kansa a matsayin abin mallaka: na wane babba ne, na wane mai rauni ne, an ji wa na wane ciwo, sai an lallashi na maigida kafin a samu sa hannunsa. Wanda ya ce "ina da ego" bai amsa laifi ba, ya bayyana halittarsa ne, yadda zai ce yana da saurin fushi ko ba ya son hayaniya. Abin da ya rage a yi gardama a kai shi ne girma ko ƙanƙanta, ba samuwa ko rashi ba.

Girman kai a wurinmu ba haka yake ba. Ba kowa ke da shi ba, kuma ba a auna shi a ce kaɗan ba ya ɓaci. Yaron da ya yi makarantar allo ko Islamiyya a Zariya ya taso da hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa wanda ke da daidai ƙwayar zarra ta girman kai a zuciyarsa ba zai shiga Aljanna ba. Ƙarshen hadisin ya fi farkonsa amfani ga zancenmu. Wani mutum ya ce ai mutum yana son tufarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya amsa cewa Allah mai kyau ne yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. A lura, ba a ce jin daɗin kai ba, ba a ce ado ba. Ayyuka biyu aka ambata, kuma dukansu sai da wani a waje: gaskiyar da aka kawo maka ka ture, da mutumin da ka wulaƙanta.

Malamai sun ƙara tsefe abin. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a littafinsa Ihya kan kibru, wato girman kai, da ujubu, kuma bambancin da ya yi mai kaifi ne. Ujubu shi ne mutum ya burge kansa, ya dubi iliminsa ko ibadarsa ya ji daɗi ya manta wanda ya ba shi. Wannan ko shi kaɗai aka halitta a duniya yana iya kamuwa da shi. Kibru kuwa ba ya samuwa sai da wani da za a ɗora kai a samansa. Riya kuma ita 'yan kallo take nema. Cuta uku, magani uku. Kuma abin sha'awa, Larabci ma ya bi hanyar da Latin ta bi: daga "ana", ni, aka samu "ananiyya", wato son kai. Maganar da ta halaka Iblis a Alƙur'ani da ita ta fara, "ni ne mafi alheri daga gare shi", haka ma iƙirarin Fir'auna. Ba mamaki malaman ƙasar nan suka riƙa kaffa-kaffa da wannan kalma; Shehu Usman ɗan Fodiyo yakan buɗe littattafansa da kiran kansa bawa mabuƙaci ga rahamar Ubangijinsa, kuma har yau za ka ji dattijon malami a cikin birni yana cewa "mun karanta a wurin Malam wane", yana gudun "na". Yanzu kuma ga wata hanya ta uku da "ego" ke shigo mana: masu wa'azi da Turanci a YouTube da TikTok sukan fassara "nafs" da ita. Sai matashi ya ji an ce ya yaƙi ego ɗinsa, ya ji malamin aji ya ce ego ne ke riƙe da hankali, ya ji budurwarsa ta ce ego ya yi masa yawa, duk a mako guda, da kalma guda.

Hausar yau da kullum ma ba ta gaza ba wajen rarrabewa. Mai shan ƙamshi daban, wanda za ka gaishe shi ya amsa da ka. Mai hura hanci daban, shi sabon samu ne ya canza shi. Mai fankama da mai burga suna nuna abin da ba su da shi, mai taƙama yana nuna abin da yake da shi. Mai cika baki harshensa ne ya fi ƙarfinsa. Mai jin isa yana ganin doka ba ta hau kansa ba, shi ne mai "ka san ko ni wane ne?" a bakin layin asibiti ko na banki. Wanda ba ya ganin kan kowa da gashi kuwa ya kai ƙarshe. Kusan dukkan waɗannan daga waje suke kallon mutum, suna faɗin abin da ya yi wa jama'a, abin da za a iya kawo shaida a kai. "Ego" daga ciki take kallo, tana faɗin abin da yake ji. Shi ya sa in ka ce wa mutum yana shan ƙamshi zai tambaye ka yaushe, ga wa. In ka ce masa yana da ego sai ya ɗaga kafaɗa ya ce kowa ma yana da shi.

Akwai kuma abubuwan da baƙo zai gani a Zazzau ya yi saurin kiransu ego ko ya ce "pompous", wata kalmar da 'yan Nijeriya ke so, wadda asalinta daga kalmar jerin gwanon biki ne a Girkanci da Latin. Sarki ya fito an yi masa laima, amawali ya rufe bakinsa, dogarai suna kare shi da manyan riguna, algaita da kakaki suna tashi, maroƙa suna jero kakanninsa. Mu ƙasaita muke cewa, kuma ƙasaita ta gadon sarauta ce, ba ta mutumin ba. A lura ma, a duk wannan hidima sarki ba ya yabon kansa da bakinsa. Aikin wasu ne, shi nasa shiru da ɗaga hannu. Inda al'ada ta yarda mutum ya yabi kansa da kansa, ta yi masa fili da lokaci: ɗan dambe a fage, maharbi, ɗan tauri, kowa ya yi kirarinsa ya cika baki iya son ransa, ba mai cewa ya yi girman kai. Amma ya kwaso wannan kirarin ya kawo zauren ɗaurin aure, sai a dube shi. Kalma ɗaya ba za ta iya riƙe wannan duka ba, don ita ba ta tambayar wuri, ba ta tambayar matsayi.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a kore ta. Tana da aikin da take yi, kuma dalilin farin jininta ke nan. A gidan Bahaushe mace ba ta iya duban mijinta ta ce "kana da girman kai" a zauna lafiya. Ta jefe shi da zunubi ne, kuma ta san abin da karin magana ya ce game da rawanin tsiya. Amma tana iya cewa "Baban Ummi, wannan fa ego ne kawai, ka kira Yaya ku shirya", ya yi tsaki, ya ɗauki waya. Ƙane yana iya faɗa wa wansa haka, ɗalibi yana iya faɗa game da malaminsa ba tare da ya ji ya ci naman malami ba. Baƙuwar kalma ba ta da tarihin zagi a kunnenmu, don haka tana wucewa inda tamu za ta maƙale. Maza da yawa da ba za su taɓa amsa girman kai ba sun amsa ego, kuma ta wannan ƙofar an ɗinke zumunci.

Ɓarnarta ma daga wannan laushin take fitowa. In an ce rigimar mutum biyu "ego clash" ce, an riga an raba laifi biyu daidai tun kafin a saurari kowa. Wataƙila kuwa ɗaya ya ci amanar ɗaya ne, ko ya ci masa mutunci a bainar jama'a, wanda aka zalunta kuma ya ƙi zuwa ya durƙusa. Sai a ce masa ya ajiye ego. To me zai ajiye? Abin da yake riƙe da shi mutunci ne, kuma Anthony Kirk-Greene, wanda ya koyar a Zariya shekaru, da ya zo lissafa siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa a 1974, ya sa mutunci a ciki tare da kunya da haƙuri da ladabi. Yarinyar da ba ta amsa saƙon kowane saurayi a WhatsApp, da kamun kai ake cewa tana da shi, yanzu ego. Ƙaramin ma'aikacin da ya ƙi yin fadanci don a ba shi haƙƙinsa, ego. Talakan da aka miƙo wa taimako da hannun hagu ana ɗaukar hotonsa ya ce ya gode a bar shi, ego. A irin waɗannan wurare kalmar tana yi wa mai ƙarfi aiki, don shi ne ke da bakin sanya wa ƙin da aka yi masa suna. Shi kuma mai raina mutane na gaske, wanda hadisi ya siffanta, ya samu mafaka: ba azzalumi ba ne, mutum ne mai babban ego, abin da ake faɗa har da ɗan sha'awa game da manyan 'yan ƙwallo da mawaƙa.

Wanda ya fi kowa jin wannan a jikinsa shi ne mai fassara, kuma Zariya ta daɗe da saninsa, tun zamanin Hukumar Talifi da su Abubakar Imam da Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939. A ce labari ya zo da Turanci cewa wani jigo ya fice daga jam'iyya saboda "bruised ego", wato an ji wa ego ɗinsa ciwo. Baturen da ya rubuta bai ɗauki ɓangare sosai ba, ya ɗan yi zolaya ya wuce. Mai mayarwa Hausa ba shi da wannan damar. In ya ce an ci masa mutunci, ya ba shi gaskiya. In ya ce girman kai ya hana shi haƙuri, ya kayar da shi. In ya ce ya ji haushi an ƙi damawa da shi, ya kusa, amma ya ƙara bayanin da ba ya cikin asali. In ya ce yana jin ya fi ƙarfin a yi masa haka, ya fi kusa, sai dai jimla ta yi tsawo ga kanun labari. Dole ya koma ya karanta labarin duka, ya gano me aka yi wa mutumin, wa ya yi, a gaban wa, kafin ya zaɓi kalma. Da yawa a yau, musamman a shafukan Facebook masu gaggawar riga kowa, ba sa wannan wahalar. Sukan bar "ego" yadda take a tsakiyar jimlar Hausa su wuce labari na gaba.